Ɗora wa motar daji turbo: tambayoyin da ake ta yi mana a gareji da amsoshinsu

Assalamu alaikum. Kusan kullum sai wani ya tako gareji ko ya bugo waya da magana guda, wai motarshi ta yi sanyi ba ta ja, in aka ɗora mata turbo ya lamarin zai kasance. Masu noman shinkafa na fadamun Argungu da Suru, direbobin da ke shiga ƙauyukan Bagudo da Zuru, masu ɗauko albasa daga Aliero, duk tambayar kusan iri ɗaya ce. Shi ya sa na tara su wuri guda. Yawancin bayanin a kan Land Cruiser ne mai injin 1HZ don ita aka fi kawo mana, amma na taɓo Hilux da Patrol.

Wai shi turbon nan mi yake yi takamaimai?

Inji abu biyu yake ci, mai da iska. Duk yadda ka tura mishi gas in babu isasshiyar iskar da za ta ƙone shi toh baƙin hayaƙi kawai zaka gani a baya. Turbo fanka biyu ce a kan ƙarfe guda, ɗaya tana zaune a hanyar hayaƙin da ke fita daga inji, hayaƙin ne ke juya ta, ɗayar kuma tana zuƙo iska daga waje ta danna ta cikin inji da ƙarfi. Kamar zugazugin maƙeri ne, gawayin shi ne dai wanda ka sani amma da an zuga shi sai wutar ta canza. Juyin da yake yi ya kan wuce 100,000 a minti ɗaya, kuma ba sabon abu bane, wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi ne ya yi rijistar dabarar tun 1905.

Abin da mutane basu gane ba, iskar kaɗai bata ba da wani ƙarfi na a zo a gani. Sai an ƙara gas daidai da iskar. Kuma wurin ƙarin gas ɗin nan ne duk rigimar take, zamu zo wurin.

Wane irin inji ake ɗora mawa?

Wanda kamfani bai sa mishi ba tun farko. A nan wajenmu 1HZ ne kan gaba, mai silinda 6, lita 4.2, wanda Toyota ta fara fitarwa a 1990, yana cikin Land Cruiser 75 da 78 da 79 da 80 da 105, shi ne ma a cikin Coaster da yawa. Ƙarfinshi wajen doki 129 ne kacal a mota mai nauyin da ya haura tan 2 tun kafin ka ɗora mata buhu ko ɗaya. Sai TD42 na Nissan Patrol, shi ma lita 4.2. Sai 3L da 5L na tsohuwar Hilux da Hiace.

In Hilux ɗinka mai 1KD ce ko 2KD ko 1GD toh kai ba da kai ake ba, naka da turbonshi ya zo daga kamfani.

Oga, an ce turbo na kashe 1HZ. Gaskiya ne?

Na sha jin wagga magana kuma waɗanda ke faɗinta ba ƙarya suke yi ba, sun ga injin da ya mutu bayan an ɗora mishi. Amma ba iskar ce ta kashe shi ba, zafi ne.

1HZ an ƙera shi ne don ya yi aiki ba turbo. Matsin da fistin ke yi ma iska a cikinshi ya haura kashi 22 bisa 1, alhali ɗan'uwanshi 1HD-T da Toyota ta ƙera da turbo tun asali an sauke mishi zuwa 18.6. Sannan shi 1HZ nozul ɗinshi baya fesa gas kai tsaye bisa fistin, cikin wani ɗan ƙoƙo yake fesawa da ke jikin kan inji, wutar ta kama a nan sannan ta fito. Waɗannan ƴan ƙoƙunan in zafi ya yi musu yawa tsagewa suke, in abin ya ƙazanta gutsure ya faɗo bisa fistin, shikenan an gama. Fistin ɗin ma aluminiyam ne, wanda ke narkewa a wajen digiri 660, abin da ke cetonshi kawai shi ne baƙin mai da ruwa suna ɗauke zafin kafin ya taru.

Toh yanzu ka duba abin da ake yi. A ɗaura turbo, a kai motar wurin mai gyaran famfon injekta, mai mota yana tsaye a kanshi yana cewa ƙara mata, ƙara mata, shi kuma ya yi ta murɗa notin gas har sai motar ta fara zabura tana tultula hayaƙi. A fita gwaji a kan titin Kalgo babu kaya, kowa ya ji daɗi. Sati kaɗan a loda mata shinkafa, a kama hanya da rana tsaka a watan Afrilu, direba ya taka totur har ƙasa ya riƙe shi a giya ta 5 na tsawon lokaci. Allurar ruwa tana nan tsakiya bata motsa ba, amma a ciki fistin yana dahuwa. Na ga fistin da aka ciro bayan irin wanga aiki, gefenshi ya zagwanye ya manne da ringi, samanshi duk ƙananan ramuka.

Wanda aka yi ma saiti da hankali kuma, na ga suna shekaru suna aiki lafiya lau. Don haka amsar ita ce yana iya kashewa, in an ba shi gas fiye da iska.

Matsin iska nawa ya kamata a ba shi?

A 1HZ wanda ba a taɓa cikinshi ba, psi 7 zuwa 10, psi ɗin shi ne ma'aunin matsin iska. Ni a zafin Kebbi na fi son a tsaya 7 ko 8 in babu intakula, wato abin da ke sanyaya iskar kafin ta shiga inji. Kar ka raina 7 ɗin, iskar da muke shaƙa matsinta psi 14.7 ne, kaga an ƙara kusan rabi kenan. Motar zata canza sosai, inda da kake sauka giya ta 3 yanzu ta 4 zata wuce.

Abin da ke tsare matsin shi ne wesget, wata ƴar ƙofa da ke buɗewa ta saki hayaƙi ya wuce ta gefe in matsin ya kai inda aka saita. Akwai masu ɗaure ta da waya ko su walde ta don wai a samu ƙarfi duka. Dan Allah kar ka bari a yi maka haka.

Gejin zafin hayaƙi da kake ta nanatawa, dole ne sai an sa?

Dole ne. In kuɗinka basu kai na geji ba toh basu kai na turbo ba, ka dakata tukuna. A garejinmu bama sakin mota sai da geji biyu a gaban direba, na matsin iska da na zafin hayaƙi.

Dalili kuwa allurar ruwa da ke dashbod jinkiri gareta, kafin ta tashi ɓarna ta riga ta auku. Shi kuwa na hayaƙi nan take yake nunawa, kana taka totur a hawa zaka ga lambar tana hawa, kana ɗaga ƙafa tana sauka. Ana huda manifol ne, wato bututun ƙarfen da ke tara hayaƙi daga jikin inji, a sa tsinken gejin kafin hayaƙi ya shiga turbo, nan ne yake faɗin gaskiya. In an sa shi a nan, kar ka bari ya zauna sama da digiri 650, in ka ga ya doshi 700 ka sassauta ƙafa ko ka sauka giya. In kuma bayan turbo aka sa shi toh ka sani lambar da kake gani ta gaza ta ainihi, bambancin yana kai 100 zuwa 200, sai ka riƙe wajen 500 a matsayin iyaka.

Wani abu da ke ba direbobi mamaki, sauka giya yana rage zafin ne ba ƙarawa ba. Inji yana kuka a giya ta 4 ya fi sanyi a kan yana nishi a ta 5, saboda yana juyi da sauri iska na wucewa da yawa. Direbobinmu sun saba da lallaɓa mota a babbar giya don tsimin mai, da turbo wannan ɗabi'ar ce ke ƙona inji.

In mota ba kai ke tuƙa ta ba Alhaji, ka zaunar da direbanka ka nuna mishi gejin nan, ko a manna jan salatif daidai inda allura bata wucewa. Akwai ma masu ƙara in sun kai iyaka, su suka fi.

Huda manifol ɗin kuma a yi shi yana ƙasa kafin a ɗaura, a wanke garin ƙarfen tas. Ɗan ɓurɓushi ɗaya ya isa ya ci bakin fankar.

Motata ta tsufa, tana shan baƙin mai, da safe sai an yi ta fama. Turbo zai dawo mata da ƙarfi?

A'a. Zai gaggauta mutuwarta ne. Buɗe murfin zuba baƙin mai inji na aiki, in ka ga hayaƙi na bugowa da ƙarfi toh ringi sun gaji, ƙarin matsi zai ƙara tura wuta ƙasa ne. A auna kompireshan na kowace silinda, a 1HZ bai kamata ya gaza wajen psi 380 ba kuma kada wata ta yi ma wata nisa sosai. A gwada nozul, a duba taimin, a saita bawul, a wanke lagireto, a canza taimin bel in ya kusa kilomita 100,000.

Da yawa daga masu zuwa neman turbo, bayan an yi musu wannan sabis ɗin kaɗai sai su ce ai motar ta dawo, su fasa. Kuma ni hakan ya fi min daɗi wallahi, don ba kowa ke buƙatarshi ba.

Mi ke zuwa cikin saitin, mi kuma zan saya daban?

Saiti mai kyau yana zuwa da turbon kanshi, manifol na hayaƙi, bututun da ke sauka zuwa salansa, bututun iska, tiyo da kilif, layin shigar baƙin mai da na fitarshi, gaskit da notuna. Mafi yawan saitin da aka yi ma 1HZ da TD42 daga Ostireliya dabarar ta fito don can ne suka fi kowa amfani da waɗannan motocin a daji, yanzu kuma akwai na Chaina birjik da aka kwaikwaya.

Wanda galibi ba ya ciki: geji, intakula, salansa mai faɗi, kuloci mai ƙarfi, da kuɗin mai saita famfo. In kana lissafi ka sa su, don farashin da aka faɗa maka na kwali ne kawai kuma shi ma da dala yake tafiya.

Sabo zan saya ko ɗan Kwatano?

Turbo na asali ɗan Kwatano mai lafiya ya fi sabon da ba a san uban da ya ƙera shi ba. Sunayen da aka sani su ne Garrett, BorgWarner, Holset, IHI, Mitsubishi, sai CT26 na Toyota wanda ke kan 1HD-T, shi ma ana ɗora shi a 1HZ. Ana samu a Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas. Sai dai suna a jikin kwali ba shaida bace, jabu sun yi yawa.

In ka je saye tafi da bakanikenka. Sa yatsa biyu ka kama notin tsakiyar fanka ka girgiza sama da ƙasa, ɗan motsi kaɗan ba laifi bane don baƙin mai ne ke cike wurin in yana aiki, amma kada fankar ta taɓa bango. Sai ka ja ta gaba da baya, nan kam bai kamata ka ji komai ba. Haska tocila ka duba bakin fukafukan, in sun dakushe ko sun yi gibi toh ya sha ƙura. Juya ɓangaren hayaƙi ka duba tsaga kusa da ramin wesget. In an wanke shi fes an fesa mishi fenti har ciki, ka ƙara sa ido.

Ba gara in sa babba ba tunda kuɗin zan kashe?

Babba na buƙatar hayaƙi mai yawa kafin ya farka, sai inji ya yi sama sosai sannan ya buɗe. Kai kuma a rairayin hanyar Kangiwa ko laka ta fadama ƙarfin ƙasa-ƙasa kake nema, tun daga juyin inji 1,500 zuwa 2,000 a minti. Ka taka shiru, ka taka shiru, sannan ƙarfi ya zo gaba ɗaya taya ta haƙa rami ta zauna. Matsakaici wanda aka auna ma girman injinka shi ne naka.

A wurin ɗauri, ina aka fi yin kuskure?

Layin fitar baƙin mai. Shi baƙin mai famfo ne ke turo shi cikin turbo da ƙarfi, amma wurin fita babu mai tura shi, gangarowa yake da kanshi ya koma kaskon ƙasan inji. Don haka bututun ya zama mai faɗi, ya miƙe ƙasa ba lanƙwasa ba kwanciya, kuma ya shiga kaskon sama da inda man ke tsayawa. In aka sa siririn tiyo ko aka bar shi ya yi ciki, mai zai taru a turbo ya tsallaka ta ɓangaren iska ko na hayaƙi, sai ka ga shuɗin hayaƙi a ce maka ai turbon ne ba kyau, alhali aikin ne ba kyau. In za a huda kaskon a sauke shi ƙasa a huda a walde a wanke, ba a yi yana jikin mota.

Kar a shafa gam a bakin layin shigar mai. Yana matsewa ya shiga ciki ya toshe ɗan ramin, minti kaɗan ba mai turbo ya tafi.

Kafin a tada inji karon farko a zuba baƙin mai mai tsabta ta ramin sama ana juya fanka da yatsa, sannan a cire wayar da ke buɗe gas a jikin famfo a yi ta ba shi kii har fitilar mai ta mutu, sannan a mayar a tada, a bar shi silo ba totur. Da baƙin mai da filtarshi duk sababbi.

Sai zafi. Turbo na yin ja in ya sha aiki, duk waya ko tiyon burki ko na kuloci da ke kusa a janye su ko a sa musu garkuwar ƙarfe. Tsumman da aka cusa a bututu don kar datti ya shiga, a ƙirga su kafin a rufe, wannan ba wasa nake ba. Bayan motar ta yi zafi ta huce sau biyu ko uku a dawo a sake ɗaure notunan manifol da kilif.

Saitin famfo shi ne na ƙarshe, kuma a kan hanya ake yinshi da kaya a baya ana kallon geji, a fara daga ƙasa ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. In akwai hali a sa ma famfon ɗan kan nan da ke ƙara gas gwargwadon matsin iska, irin wanda ke kan famfon 1HD-T, shi ke hana hayaƙi lokacin da turbo bai farka ba.

Intakula fa?

Iska in aka matse ta zafi take yi. Ranar da gari ya kai digiri 40, wanda a Birnin Kebbi daga Maris zuwa Mayu ba labari bane, iskar da ke fita daga turbo a psi 10 tana haura digiri 100. Intakula ke sanyaya ta kafin ta shiga inji. A matsi kaɗan ana iya tafiya ba shi, amma mai jan kaya kullum ya sa.

Wanda ake ɗaurawa a gaban mota ya fi sanyaya amma yana tare ma lagireto iska kuma laka da ƙaiƙayin shinkafa na toshe shi, sai ana wankewa. Na saman inji baya shan laka amma in kana tafiyar hawainiya cikin ogzilari zafin inji yake sha, sai an sa mishi fanka.

Ƙurar hunturu bata da illa gare shi?

Ita ce babbar abokiyar gabarshi a ƙasar nan. Inji mai turbo ya fi zuƙar iska, don haka filta na saurin cika. Kuma abin da ya tsallake filta kai tsaye kan fanka mai juyi 100,000 yake faɗawa.

Filtar takarda ta asali a cikin gidanta, robar bakinta na zaune daidai. Waɗannan buɗaɗɗun filtoci masu kamar mazurari da samari ke sa ma ƙananan motoci ba na hanyar Kamba bane. Sannan a daina buga filta da dutse ko hura ta da iska mai ƙarfi har ta yage, in ta cika a canza. Lokaci-lokaci cire tiyon da ke tsakanin filta da turbo ka shafa yatsa a ciki, in ka ga jar ƙura a yatsanka toh akwai inda take shiga, a nemo shi ranar.

Bututun shaƙar iska na sama da ake ɗaurawa gefen gilashi yana taimakawa, musamman in kuna tafiya a jere mota na bin mota, don ƙurar ta fi kauri a ƙasa.

Da damina muna ratsa ruwa, ba matsala?

Ƙarfe ya yi jajir ka tsoma shi a ruwan sanyi, tsagewa zai iya yi. In ka iso mashigi bayan doguwar tafiya tsaya ƴan mintuna inji na silo, dama kana buƙatar sauka ka duba zurfin. Babban haɗarin dai shi ne ruwa ya shiga hanyar iska, injin gas in ya sha ruwa kwanrod, ƙarfen da ke riƙe da fistin, yake lanƙwasawa nan take. In mota ta mutu a tsakiyar ruwa kar ka sake ba ta kii, a jawo ta waje tukuna.

Sauran kayan mota zasu ɗauka?

Kuloci ne ke fara kuka, in dama ya ci rabi zaka ji yana sulɓi a giya ta 4 da ta 5. Giyabos ɗin R151 da ke bayan 1HZ a Land Cruiser 79 da 105 bai kai H55 na tsohuwar 75 juriya ba, don haka kar a ja kaya mai nauyi a giya ta 5. Lagireto ya zama tas, fankarshi na kamawa, kuma a daina cire tamostat ana zuba ruwan rijiya zalla. Salansa a faɗaɗa ta zuwa inci 2.5 ko 3, tana rage zafin hayaƙi sosai. Burki kuma yana nan yadda yake, motar ce ta ƙara gudu, a tuna da wannan.

Zata ƙara shan mai?

Ƙafarka ce zata faɗa. In tafiyar da ka saba ce, kusan ɗaya ne. In kuma daɗin ƙarfin ya ɗebe ka, zata sha. Abin da zai ƙaru tabbas shi ne sabis, baƙin mai 15W-40 na injin gas mai kyau duk kilomita 5,000, ba na awo da ake zubawa a galan ba. Gas ma a kula da inda ake sha, wanda aka haɗa da kananzir ko mai ruwa-ruwa yana lalata famfo da nozul, nozul mai ɗiga kuma huda fistin yake.

Tawa Hilux ce ta fetur, 2.7. Zan iya?

Ana iyawa amma ban ba ka shawara ba. Injin fetur lissafinshi daban ne, in iska ta yi yawa fetur ya yi kaɗan ko wuta ta riga lokacinta sai ya fara ƙwanƙwasa, daƙiƙu kaɗan fistin ya fashe. Sai an canza injekta, an sake rubuta ma kwamfutar motar lissafi, an samu fetur mai octane sama, wato wanda baya saurin ƙwanƙwasa, kuma iri ɗaya kullum. Wanda zai yi maka wannan saitin da na'urar da ta dace ba a kowane gari yake ba, in kuma ta rikice maka a Kaoje babu mai taɓa ta. Haka maganar take ga Land Cruiser ta fetur mai 1GR ko 1FZ, su dama ba ƙarfi suka rasa ba.

Toh ba gara in sayi injin da ya zo da turbonshi ba?

In aljihu zai ɗauka kuma ka samu mai lafiya, eh ya fi. 1HD-T yana ba da doki wajen 165 ba tare da an takura shi ba, fistin ɗinshi da famfonshi duk don haka aka yi su, kuma yana zama a mazaunin 1HZ ba wahala sosai. A Patrol ma akwai TD42 mai turbo na kamfani. Matsalar su ma yanzu sun tsufa, sai an tona kafin a samu na kirki, in ka samu a canza mishi metal na kwanrod kafin a ɗora.

In ka canza inji ka je ofishin lasin a gyara lambar inji a takardunka don kar ku yi ta jayayya a shingen hanya. Mai inshora ma a sanar da shi. Motar da ke da garanti kuwa, ranar da ka ɗora mata turbon waje garantin injin ya faɗi.

Da gaske ne ba a kashe mota nan take?

Da gaske ne, in ta sha aiki. Kana kashewa mai ya daina zagayawa, wanda ya rage a cikin turbo ya ƙone ya zama gawayi ya toshe hanya. Minti 2 zuwa 3 a silo ya isa, ko ka jira gejin hayaƙi ya sauko ƙasa da 200. In dama a hankali ka shigo gari toh ta riga ta huce. Da safe ma kar a tada a hau ba ta wuta, a bari mai ya hau tukuna. Wannan ɗabi'ar ta taka totur sau biyu kafin a kashe, a bar ta.

In ya lalace min a daji ya zan yi?

Yawanci yana ba da sanarwa: kuka kamar jiniya, shuɗin hayaƙi, baƙin mai na raguwa, ko ƙarfi ya faɗi. In ƙarfi ya faɗi farat ɗaya da baƙin hayaƙi da huci, fara duba tiyo, sau da yawa kilif ne ya saki, ka mayar ka ɗaure ka wuce. Shi ya sa a ajiye kilif biyu uku da tiyo guda da galan na baƙin mai a mota.

Wanda nake so kowane direba ya sani shi ne wanga. In turbo ya saki baƙin mai da yawa cikin hanyar iska, injin gas na iya kama shan man nan a matsayin makamashi, ya yi ta hawa da kanshi, farin hayaƙi ya turnuƙe, ka zare makulli ya ƙi mutuwa. Kar ka tsaya kallo. Taka burki da ƙarfi, ja na hannu, sa giya ta 5 ka saki kuloci ya shaƙe. In bai yiwu ba a toshe bakin shaƙar iska da katako ko wani abu mai tauri da faɗi, ba da tafin hannu ba kuma ba da riga ba don zai haɗiye ta. In ya mutu kar a sake tadawa sai an zubar da man da ya taru a bututu da intakula.

In kuma fankar ce ta karye ko ta cije, kar ka ce bari in lallaɓa zuwa Jega, gutsattsarin ƙarfen cikin silinda zasu tafi. A nemo mai ja, in an isa gareji a sauke intakula da duk bututun iska a wanke su kafin a ɗora wani.